Ranar da Motar Si Bujama'a ta Sha Lallen Amarya

Allah bai hana ƙauyenmu na Tagadirt manyan mutane ba. Muna da mai ɗorin karaya, muna da wanda ya taɓa kama ɓarawon awaki da hannu ɗaya, muna da liman mai muryar da ake ji har ƙasan kwari. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Mutum guda muke da shi, shi ne Si Bujama'a, injiniyan injiniyoyi, fitilar Beljiyam, wanda ya tafi Turai da jaka ɗaya ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin duwatsunmu. Ni Bihi, tare muka yi kiwon awaki da shi muna yara, don haka in na yabe shi, yabon wanda ya sani ne.

'Yan baƙin ciki suna cewa wai aikinsa a Turai wankin motocin bas ne, da tiyo da dogon buroshi. Hassada ce kawai. Shi da bakinsa ya gaya mana cewa babu bas ɗin da ke fita titi a garin Liyaj na Beljiyam sai ta bi ta hannunsa, kuma in ka duba da kyau, maganganun biyu ba su saɓa wa juna ba.

Bakinsa kuwa ba ya buɗuwa sai da "A can". A can, ruwan sama da lokacinsa yake zuwa. A can, kare ba ya haushi sai da dalili. A can, ko gardama za a yi sai an bi layi. Matan ƙauye suka gaji suka raɗa masa suna A-Can, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce. Duk lokacin zafi yake dawowa hutu, kuma ranar Juma'a ce ranarsa. Yakan bari sai masallaci ya cika, sannan ya shigo cikin farar jallabiya mai ɗaukar ido, ya riƙa tsallake kafaɗun bayin Allah har sai ya tsaya daidai bayan liman. Tsofaffin da suka zo tun hantsi su matsa, suna gyaran murya. "A can," in ji shi, "mai ilimi gaba yake tsayawa, don na baya su ga yadda ake yi."

Bana sai ya zo da abin da ya rufe bakin kowa: gida mai taya. Doguwar farar mota ce, da gado a ciki, da murhu, da firji, da makewayi, har da labule a tagogi. Ya saye ta hannun wani tsohon Bature da ya gaji da yawo. Hanyar ƙauyenmu don alfadarai aka yi ta, sai da kusurwar katangata ta yi sallama da duniya kafin motar ta shiga, ya kuma yi mini bayani cewa katangar ce aka gina ba bisa ƙa'ida ba. Na gode masa.

Ya shiga da mu ciki rukuni-rukuni, babu takalmi, babu taɓa komai. "Ku kalli aikin hankali," in ji shi, yana dukan daɓen motar da diddige. "A can, ruwan zafin inji ba a barinsa ya zauna banza. Akwai tiyo da ke bi ta ƙarƙashin nan, ya kai shi har ɗakin kwana don ɗumama mutum lokacin sanyi. Ku da kuke kwana da awaki don neman ɗumi, ina za ku gane wannan?" Muka ce gaskiya ne, ba za mu gane ba.

Kuskure ɗaya tak ya samu a aikin Turawa: ba su san shayi ba. A gidan mutumin kirki babu zaman mutunci sai da babban farantin tagulla mai ƙafa uku, da buta, da na'ana'a, da mai gida zaune yana tsiyayo shayi daga sama har ya yi kumfa. Don haka ya ɗauko farantin mahaifinsa, ya shimfiɗa jar darduma a tsakiyar motar, ya ce zai kafe farantin a daɓe yadda ko kan dutse ake tafiya kofi ba zai motsa ba. Ina tsaye ya kawo dogayen ƙusoshi masu murɗi. Biyu suka shiga da gardama. Ta ukun ta yi 'yar gardama, sannan ta wuce sumul, kamar ta sami wani abu mai laushi a ƙasa.

"Ka ji ko, ɗan ƙauye?" ya ce da ni. "Wannan ita ce ta kama da kyau."

To, duk wannan ado ba don mu aka yi shi ba. Si Bujama'a yana da ɗa, Iddar, malamin makaranta a birnin Tarudant, mutum mai sanyin hali wanda in ka taka shi zai ba ka haƙuri. Iddar yana son Tuda, 'yar Si Mbarak na Anammar, ƙauyen da ke bayan dutse, ita ma tana sonsa, kowa ya sani. Bara aka sa ranar zuwa neman aure, A-Can ya fasa, wai ba zai je gidan surukai a motar haya tare da buhunan sha'ir ba. Si Mbarak ya yanka akuya, ya tara dangi, ya zauna jira har naman ya huce. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Bana ya aiko cewa ranar Alhamis yana gida, in rana ta faɗi ba a zo ba, kada a ƙara zuwa, domin gidan da ba ya cika alkawari tun kafin aure ba zai miƙa masa 'yarsa ba. Iddar ya rame a tsaye saboda wannan saƙo. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗau hanya. A-Can a sitiyari. Liman a gefensa. Ni da Iddar a baya da curin sukari da dabino. Sai Lalla Ijja, uwar Iddar, rungume da kwano a cinyarta. Wannan kwanon shi ne tafiyar gaba ɗaya: garin lalle ne da ta daka da hannunta ta tankaɗe, da ƙwai jere a kai. A duwatsunmu maza suna iya yin surutunsu su karanta Fatiha, amma magana ba ta ƙullu ba sai uwar yaro ta ɗebi lallen da ta kawo daga gidanta ta ɗiga a tafin hannun yarinya. Lallen aro ba ya yi, na maƙwabta ba ya yi.

Iddar ya ce, "Baba, da mun bi ta hanyar kwari. Ta fi tsawo amma ba hawa."

"A can," in ji A-Can, "wannan motar ta hau duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu. Wannan tudun naku ai abin karin kumallonta ne."

Mun fara hawa ke nan na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi yana tasowa a bayan motar. Na faɗa. Aka sanar da ni cewa ƙamshin Turai ne, hancina ne bai saba ba. Can liman, wanda idonsa ba ya barin komai ya wuce, ya nuna wata 'yar allura a gaban direba ya tambaya ko lafiya take jingina da jan layi. A-Can ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya ce allurar ce ke mamakin ranar ƙasar nan. Allura dai ba ta daina mamaki ba, har tururi ya fara fitowa ta gaban motar.

Muka tsaya a gindin wani itacen dutse da muke kira argan. Nan fa muka ga aiki. Ya sa safar hannu fara, ya ɗaga murfin inji, ya umarce mu mu ja baya domin ilimi na buƙatar fili. Liman ya ce direbobin manyan motoci sukan bari inji ya huce kafin su taɓa murfin lagireto. A-Can ya yi murmushin tausayi, ya murɗa. Kai! Murfin ya yi sama, tururi ya bi shi, hular A-Can ta bi su biyun, shi kuma ya tsinci kansa zaune a kan hanya. Allah ya tsare, safar ce ta sha zafin. Ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya ce da gangan ya saki iskar.

Da injin ya huce, sai bincike. Gaskiya ya bincika, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya matsa kowane tiyo da ke gaban motar, babu tsaga. Ya juya fanka, tana juyawa. Ya ja bel, yana nan daram. Ya shafa lagireto sama da ƙasa, ya shinshina famfon ruwa, ya zaro sandar duba mai ya ga man bai koma fari ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin injin, ƙasa a bushe ƙamas. Ruwa kuwa ya tafi, rabin na cikin lagireto babu. Wani ƙaramin mutum da sai ya tambayi kansa ina ruwan ya bi. Amma A-Can ba ya tambaya, amsa yake bayarwa.

"Jama'a, ku saurara ku ƙaru. Motar nan ba ta yoyo. Da tana yoyo da na gani, domin ni ruwa bai taɓa ɓoye mini ba, shekara da shekaru ina aiki da shi. Matsalar iskar ƙasar nan ce. Iska ce marar tarbiyya, busasshiya, mai kwaɗayi, ita ke shanye ruwan ta cikin ƙarfe. A can, iska tana da laima, tana da ladabi."

Aka ɗura mata ruwan kwalba da ya taho da shi daga Beljiyam, wanda ya hana mu sha. Sannan ya fito da babbar dabara. Ya ce in inji ya yi zafi, sai a kunna abin ɗumama ɗaki har ƙarshe, zafin ya bar inji ya shigo ciki. Ya murɗa na gaba, ya je ya murɗa na ɗakin kwana, ya hana buɗe taga saboda ƙura kada ta ɓata labule. Tsakiyar watan Agusta, rana a tsaka, mu biyar cikin akwatin ƙarfe ana hura mana wuta. Liman ya cire rawani ya shiga ambaton Allah da ƙarfi. Curin sukari ya fara danƙo a hannuna. Lalla Ijja ta ce ita dai in ƙwan nan suka ƙyanƙyashe a cinyarta, shi zai yi renon 'yan tsakin. Abin mamaki kuma, tun da aka buɗe wa ruwan hanyar zuwa ɗakin kwana, sai ya riƙa ƙarewa da sauri fiye da da. A-Can ya ce iskar ce ta ƙara rashin kunya don mun ƙara hawa.

Muka tsaya, muka ɗura, muka tafi, muka tsaya. Ruwan shan motar ya ƙare, na wanke hannu ya ƙare, har butar alwalar liman ta ba da tata gudummawar. A wata kwana kusa da ƙwanƙolin dutse motar ta yi tari ta tsaya, kusa da wata tsohuwar rijiyar makiyaya. Azahar ta wuce tuni. Iddar ya riƙa jido ruwa da bokiti yana kallon rana.

Sai ga wata a-kori-kura ta taho daga kasuwa za ta Anammar, tumaki a baya. Direban ya tsaya ya ce mu hau. Iddar ya kama hannun ubansa. "Baba, don girman Allah. Mu bar motar nan mu dawo mata gobe. Rana tana tafiya."

"Ni? Bayan tumaki? In shiga Anammar ina warin tunkiya, a ce ga Si Bujama'a na Beljiyam? Yaro, aure sau nawa ake yi a duniya, amma mutunci in ya zube ba ya kwasuwa. Direba, Allah ya kiyaye hanya, muna ɗan gwaji ne." Motar tumaki ta wuce, Iddar ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba fanninsa ba ne, amma ya ga direbobin babbar hanya in lagireto na yoyo sukan fasa ƙwai a ciki, wasu su zuba garin lalle, wai yana bin ruwa ya toshe ramin. A-Can ya yi dariya har da riƙe ciki. "Allah gafarta Malam, wannan ai shi ya hana ƙasar nan ci gaba. Inji ake magana, ba kaskon suya ba. A can, in ka faɗi haka a gaban injiniyoyi, sai a kira maka likita." Ya yi mana huɗuba a kan jahilci wadda ta fi ta Juma'a tsawo. Ya sake ɗura ruwa, ya tayar, muka yi tafiyar da ba ta fi jifan dutse ba, allura ta koma gidanta na ja.

Ya fito ya zagaya motar, hannu a baya. Ya kalli rana, ta fara karkata. Can sai fuskarsa ta yi haske.

"Na tuna! A can akwai wani magani na kwalba, mai tsadar gaske, da ake zubawa a lagireto. Na taɓa karanta abin da ke cikinsa. Kun san mene ne? Sinadarin farin ƙwai, da garin wani ganye. Abin da direbobinku ke yi da ka, ni zan yi shi da ilimi. Ijja, miƙo kwanon nan."

Lalla Ijja ta ƙanƙame kwano. "Baban Iddar, ka taɓa kwanon nan, wallahi sai dai ka taɓa ni. Lallen yarinyar mutane ne!"

"Cokali ɗaya kawai."

"Ka ce motar ba ta yoyo. Me za ka toshe?"

"Rigakafi ne. Mace, kina son mu isa ko ba kya so?"

Ta kalli ɗanta. Iddar ya sunkuyar da kai, domin in an hana ba a isa ba, in an bayar an isa hannu wofi. Ta saki kwanon tana ƙwalla. Ƙwai suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Cokali ɗaya na lalle ya shiga, sai A-Can ya ce injin Turai babba ne, ba ya son ƙwauro, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, daga ƙarshe ya kifa kwanon gaba ɗaya ya bubbuga gindinsa. Ya miƙa wa matarsa kwano wayam, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi zai yi wa surukai bayani, mutane suna son bayaninsa.

To, ko ƙwan ne, ko lallen, ko addu'ar liman, motar ta lallaɓa ta haye ƙwanƙolin. Daga nan gangara ce. A bakin Anammar ta mutu murus, tana warin dafaffen ƙwai. Mazan ƙauyen, waɗanda direban tumaki ya riga ya ba su labarin gwajinmu, suka fito suka tura ta har ƙofar Si Mbarak. A-Can yana ciki yana ɗaga musu hannu ta taga. Rana ta zauna a kan dutse, saura ƙiris. Iddar ya sauko, ya ce alhamdu lillahi a fili.

Si Mbarak ya tarbe mu, ya ce bismillah, mu shiga gida. A-Can ya ce ina! Shayin farko a fadarsa za a sha, domin surukai su san irin gidan da 'yarsu za ta shiga. Si Mbarak ya dube shi, ya dubi rana, ya cire takalmi. Mahaifiyarsa, Lalla Mamas, tsohuwa mai ido kamar na shaho, ta ce ita ma sai ta ga wannan gida da ake turawa.

A-Can ya riga kowa shiga, ƙafa ba takalmi. Ina bayansa, na ga lokacin da ya taka dardumar kusa da ƙafar farantin. Ya ɗan tsaya. Dardumar ta yi wata 'yar ƙara irin ta jiƙaƙƙen tsumma. Ja ce, ba a ganin komai, amma ƙafa ta ji abin da ta ji. Wani da sai ya ce, jama'a ku dakata, akwai ruwa a nan. A-Can ya dasa ƙafafunsa biyu a kan wurin, ya gyara farar jallabiyarsa, ya zauna daɓas ya rufe shi, ya ce wa baƙi su shigo, su zauna daga can gefe.

Kuma ya yi bayani. Ya tsiyayo shayi daga sama, ya yi magana a kan titunan Liyaj, da tsarin bas, da yadda Turawa ke tsayawa su gaishe shi. Ya yi magana a kan iskar ƙasarmu. Ya nuna yadda farantin bai motsa ba duk hawan da muka yi. Aka sha kofi na farko, aka sha na biyu, aka sha na uku, bai motsa daga inda yake ba, sai gumi da yake yi yana ɗan mutsu-mutsu. Da ƙyar liman ya sami rata ya faɗi abin da ya kawo mu.

Si Mbarak ya juya ya kalli mahaifiyarsa. Lalla Mamas ce ta miƙa hannu wajen Lalla Ijja. "'Yata, ina kwanon?"

Lalla Ijja ta buɗe mayafi ta ajiye kwanon a kan farantin. Babu komai ciki sai ɓawon ƙwai guda da ya maƙale. A bakin ƙofa na hango Tuda tsaye a bayan wata ƙanwar ubanta, ta rufe baki da hannu. Iddar ya zama kamar gawa.

"Ina lallen?" in ji Si Mbarak, a hankali.

"Yawwa, Si Mbarak, tambaya mai kyau. A can..."

Sai aka kira magariba. Liman ya miƙe, Si Mbarak ya miƙe, kowa ya miƙe. A-Can ya ce mu yi gaba, zai biyo mu. Lalla Mamas ta ce a gidansu baƙo ba ya zama a baya, ya tashi. Babu yadda zai yi. Ya tashi.

Jama'a! Bayan farar jallabiyar nan, daga kugu har gwiwa, ya rine jawur. Tafin ƙafafunsa biyu kuwa, har gefen diddige da tsakanin yatsu, sun sha lalle mai ɗumi sun ƙoshi, irin kamun da mata ke kwana suna nema ba su samu ba. Iddar ya ɗaga gefen dardumar. Ga ruwa ja yana tsattsafowa a gindin ƙafar farantin ta uku, daidai kan ƙusar nan da ta kama da kyau. Ta huda daɓe, ta huda tiyon ɗakin kwana, tun safe ruwan injin yake bi ta nan, rabi a hanya rabi a darduma, mu kuwa muna can gaba muna tuhumar iska.

A-Can ya kalli ƙusar, ya kalli ƙafafunsa, ya gyara tsayuwa. "Madalla. Abin da nake jira ke nan. A can, in ana neman inda ruwa ke yoyo, rini ake zubawa a bi sawunsa. Ga shi kuwa na gano."

Lalla Mamas ta dube shi sama da ƙasa. "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Mu dai da aka ce za a kawo lalle, mun zaci amaryar a gidanmu take. Ashe da taku kuka zo." Wata daga waje ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka karɓa. Ni kam na fita da gudu don kada dariya ta kashe ni a gaban surukai.

Si Mbarak bai yi dariya ba. Ya ce lalle dai babu, kuma al'ada ba shi ya kafa ta ba. A nan ne Lalla Ijja ta ɗauki kwanonta, ta tsoma yatsa a sauran shayin da ke kofinta, ta bi cikin kwanon tana shafawa, lungu-lungu, har bakin-bakin, sai da ɗan kore ya taru a kan yatsar, bai fi ƙwayar sha'ir ba. Ta ɗaga shi ta nuna wa tsohuwa. "Inna, daga gidana ya fito. Ni na daka shi."

Lalla Mamas ta duba da kyau, ta ce lalle ne. Kafin kowa ya kira ta, Tuda ta ratso mutane ta miƙa tafin hannunta.

Si Mbarak ya juya wajen Iddar. "Yaro, tun haihuwarka kake tare da wannan bawan Allah?"

"E, Baba."

"Ba ka taɓa ɗaga masa murya ba?"

"A'a, Baba."

"To na ba ka. Wanda ya iya wannan haƙurin, babu abin da 'yata za ta yi masa ya dame shi. Liman, a yi Fatiha." A-Can ya shafa tare da mu, ya kuma gaya mini daga baya cewa ya ji daɗin yadda Si Mbarak ya yaba tarbiyyar da ya ba ɗansa.

Washegari aka cire farantin, aka yanke tiyon daidai hudar, aka haɗa da guntun bututu aka ɗaure bakin biyu, aka yi ta wanke lagireto har ya daina aman ƙwai. Motar ta kawo mu gida lafiya, sai dai ta samu suna, har yau Amarya ake ce mata. Jallabiya kuwa an sauya wata. Ƙafa ce ba a sauyawa. Ya goge da sabulun Beljiyam, ya goge da lemon tsami, ya goge da dutse, lallen Lalla Ijja ya ce yana nan. Safa kuma a zafin Agusta, a ƙauyen da kowa ya riga ya ji labari, ai tallar kai ce.

Juma'ar da ta biyo, masallaci ya cika tun da wuri, har da waɗanda rabonsu da sallar jam'i tun Idi. Abin mamaki, kowa sahu na biyu yake so, don duk wanda ya taɓa yin sujada ya san abin da na baya ke gani. Tsofaffi suka matsa da kansu, suka bar fili daidai bayan liman, suna ta waiwaye.

Si Bujama'a ya shigo a makare kamar kullum. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli filin da aka bar masa, ya kalli sahu na biyu da ke ta murmushi. Sai ya cire takalmi da sauri, ya raɓa ta jikin bango, ya tsaya a sahun ƙarshe, kusa da ni, diddigensa manne da katanga.

Na ce, "Bujama'a, ga wurinka can ana jira."

Ya sunkuyo ya raɗa mini, "A can, manyan mutane baya suke tsayawa."